Shekarar da Inabin Baba Ya Yi Ƙaro

A gidanmu na Nguru akwai inabi guda ɗaya, kuma a iya sanina duk layinmu babu mai irinsa. Baba ne ya kawo reshensa daga Kano a jirgin ƙasa tun ina ƙarama, a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, ya dasa shi a gefen rijiya inda ake alwala. Maƙwabta suka yi ta yi masa dariya, wai inabi a wannan rairayi da wannan rana. Sai ga shi ya kama. Ya hau rumfar da aka kafa masa ya rufe rabin tsakar gida, har ya zama a ƙarƙashinsa muke cin abinci, a nan Inna take tsince shinkafa, a nan Baba yake shimfiɗa buzunsa bayan la'asar. 'Ya'yansa kuwa, a faɗi gaskiya, ƙanana ne masu tsami, in ka tauna sai ka runtse ido. Amma babu wanda ya isa ya faɗi haka a gaban Baba.

Baba ɗan ƙaro ne. Tun kafin a haife ni sana'arsa ke nan: mutanen ƙauye daga wajen Karasuwa da Jajimaji su kawo ƙaro a buhu, a zube a tabarma, shi kuma ya tsuguna ya ware na dakwara mai haske daga na sauran itatuwa. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ɗaga ta saitin rana, ya faɗi darajarta, magana ta ƙare. In gardama ta kaure tsakanin mai saye da mai sayarwa a kasuwa, shi ake aikawa a kira. Idonsa shi ne jarinsa, shi ne kuma mutuncinsa, kuma ya san da haka sarai.

Ni aure ya kai ni Gashua, ina ɗinki a gida. A shekarar da nake ba da labari ina da goyo, 'yar fari, kuma a wannan shekarar na fara lura cewa idon Baba ya yi yana. Ba wanda ya gaya min. In na yi sallama na shigo, ba ya ɗago kai da murna kamar da sai na ƙara magana. In aka ajiye masa shayi, hannunsa yakan ɗan yi yawo a kan tabarma kafin ya sami kofin. Ya daina fita kasuwa, wai ƙafa. Yana buɗe Alƙur'ani a gabansa yana karatu, amma sai ya yi nisa bai juya shafi ba. Na matsa kusa na dubi ƙwayar idon, na ga wani fari-fari a tsakiya kamar an ɗiga nono a ruwa.

Na yi masa magana da ladabi, na ce akwai likitocin ido da za su zo asibiti a Gashua kafin azumi, su yi 'yan kwanaki su tafi. Na ba shi labarin wata tsohuwa maƙwabciyata da aka kankare wa nata, yanzu da kanta take zura zare a allura.

“Uwata,” in ji shi, don sunan mahaifiyarsa aka sa min, haka yake kirana, “me za a gyara a abin da bai lalace ba? Idona ƙalau. Ki gaida mai gidan naki.”

Ni ba ni da haƙuri, kowa a danginmu ya shaida. In abu ya tsaya min a rai ba na iya zama. Na koma Gashua na hau keken ɗinki, na ɗinka hannun riga a baibai, na farke, na sake. Sati bai zagayo ba na saɓa yarinya a baya na nufi tasha.

A wannan zuwan ne na ga abin da ya sami inabin. Damina ta ɗauke, an shiga kaka. Na zauna a ƙarƙashin rumfa ina ba yarinya nono, sai na ji wani abu ya ɗigo min a mayafi. Na shafa, na ji danƙo. Na ɗaga ƙafa, na ji tabarma tana kama min tafin sawu. Kiyashi sun yi layi a jikin ginshiƙan rumfar, masu hawa na hawa, masu sauka na sauka. Na ɗaga kai na duba. Ganyen da na sani kore shar ya koma rawaya, bakinsa ya nannaɗe, wasu kuma sun yi baƙi kamar gindin tukunya. Rana ta fara samun hanya tana sauka a inda ba ta taɓa sauka ba.

“Baba, me ya sami inabin nan?”

Ya yi murmushin da na daɗe ban gani ba. Ya miƙe ya dafa ginshiƙi, ya bi shi da hannu har ya kamo reshe, ya ce in zo in taɓa. A jikin reshen akwai wasu 'yan ƙuraje masu ruwan ƙasa, a jere, kowane bai kai ƙwayar dawa ba.

“Abin arziki ne ya same shi,” in ji Baba. “Ƙaro ya fara yi. Duk tsawon rayuwata ban taɓa jin wanda ya ce ya ga ƙaron inabi ba, sai ga shi a gidana.”

Na ce to ganyen fa?

Ya ce ashe na manta gidan da na tashi. Dakwara ba ta ba da ƙaro sai ruwa ya ɗauke, ganyenta ya yi rawaya ya fara zuba. Lokacin ne masu tsaga ɓawonta suke shiga daji. Itacen da ya ƙoshi da ruwa ba ya kuka, sai wanda ƙishi ya kama. Saboda haka ma ya hana a zuba wa inabin ruwa, ya sa an mayar da wurin alwala can bayan ɗaki, ya kuma ɗan tsattsaga ɓawon gindin da wuƙa yadda ake yi wa dakwara. Danƙon da ke ɗigowa ya lasa ya ji zaƙi-zaƙi, ya ce ai na inabi ne, dole ya fi na daji daɗi. Ƙurajen kuwa ya kafa doka kada wanda ya taɓa su, don ƙaro ba a cire shi sai ya ƙosa.

Wallahi na so in yarda. Mutumin da duk kasuwa ke yarda da maganarsa a kan ƙaro, ni wace ce? Amma ni ma a kan tabarmar ƙaro na yi rarrafe. Na san shi yana da haske, yana da tauri, ba ya jeruwa kamar an shuka shi. Da Baba ya tafi masallaci na sa farce na ɓanɓare ƙurji ɗaya. Ya fita salin-alin kamar ɓawon gyambo. Ƙarƙashinsa da laima, da wani farin gari-gari, da na murza shi sai ya fashe ya ɓata min yatsa. Na karyo ɗan guntun reshe na ƙulle a leda na cusa cikin jakar kayan yarinya.

A Gashua na kai wa wani mai sayar da maganin gona a bakin kasuwa. Bai ko gama kwance ledar ba ya ce ƙwaro ne, yana ganinsa a lemo da gwaiba a lambunan bakin kogi. Irin wanda ba ya tashi ba ya tafiya, sai ya sami wuri ya lafe, ya rufe kansa da ɓawo, ya kafa baki a jikin itace yana tsotse ruwansa. Shi ya sa ganye ke yin rawaya, abincinsa ne ake shanyewa a hanya kafin ya iso. Danƙon nan kashin ƙwaron ne, shi kiyashi ke bi, baƙin kuma fumfuna ce da ke tsirowa a kansa. Ya ce a sare rassan da suka fi kamuwa a ƙone, a ɓare tsohon ɓawo, a wanke sauran da ruwan sabulu da man darbejiya, a ba shi ruwa sosai. In aka bar shi haka ya shiga zafin bazara, to sai dai a yi makamashi da shi.

Na fito daga shagon da maganin inabi a kaina, amma ban ji sauƙi ko kaɗan ba. Gaya wa Baba cewa ƙwari ne, daidai yake da gaya masa cewa ba ya gani. Yaro ƙarami mai ido biyu ba zai kalli abin nan a hasken rana ya kira shi ƙaro ba. Baba da yatsa ya gan shi, yatsa kuma ta gaya masa abin da ta saba taɓawa.

Haka na shiga zarya tsakanin Gashua da Nguru. In tafi da niyyar yau zan faɗa, in dawo ban faɗa ba. Direbobin tasha suka san ni, har masu tallan gyaɗa a Jajimaji suka fara tambayata ya mai jiki, don sun ɗauka jinya nake yi. Mai gidana, wanda ba ya rasa abin tsokana, ya ce ko dai a kama min ɗaki a tasha ne kowa ya huta. Ban yi dariya ba. In ina Gashua hankalina yana Nguru, in ina Nguru ina tunanin ɗinkin mutane da na bari a kan keke. A mota in mun tsaya ɗaukar fasinja sai in ji kamar in sauka in tura ta. Ga kwanakin zuwan likitoci suna matsowa, ga ganye yana ta zuba.

Ran nan na tare Inna a madafa tana tankaɗe. Na ja ƙofar langa-langa na rage murya.

“Inna, kin san abin nan na jikin inabi ƙwari ne?”

Ba ta ɗago ba. “Na sani mana. Ai ni ina da ido.”

“Kin sani kika yi shiru? Itacen zai mutu fa.”

“In na ce da babanku ƙwari ne, me na ce da shi ke nan?” Ta buga rariya a gefen ƙwarya. “Ke kin zo kin tafi. Ni ce nake zaune da shi.”

A nan ta gaya min abin da take yi. In ya tafi masallaci tana kwarara wa gindin inabin ruwan wanke-wanke, ta rufe da busasshen rairayi kada ƙafarsa ta ji sanyi. Tana share ganyen da ya zuba tun kafin ya fito, kada ya taka ya ji yawansa. Butarsa, takalmansa, carbinsa, kowanne yana da wurin da take mayar da shi, ko ɗan yatsa ba ta gusar da shi. Kujera ma ta daina matsarwa.

Raina ya ɓaci, na ce ashe ita ce take taya shi ɓoyewa, ita ce za ta sa ya makance gaba ɗaya ana kallo. Na faɗa da zafi, don zafin nake ji. Ta dube ni ta ce, “'Yar nan, mutumin da ya ci da mu da idonsa, ni ba zan iya buɗe baki in ce masa idon ya tafi ba. In ke za ki iya, bismillah.” Ta ci gaba da tankaɗenta. Na fita ina huci, amma a zuciyata tausayinta ne ya fi yawa, don na ga ita ma ta rame.

Na yi tunanin in wanke rassan a ɓoye ranar Juma'a in ya tafi masallaci. Na watsar, don warin man darbejiya ko daga zaure zai ji shi, kuma yatsunsa sun san kowane ƙurji a inda yake, kullum da safe sai ya bi su ya ji ko sun ƙara girma. Suna kuwa ƙaruwa, abin da ke ƙara masa murna ke nan.

Abin da ya kawo ƙarshen jan ƙafata shi ne wani zuwa da na yi ana saura kwanaki kaɗan likitoci su iso. Na tarar an share tsakar gida an fito da sabuwar tabarma. Baba ya sa an yi masa aski. Ina durƙusawa gaisuwa ya ce na zo a daidai, gobe bayan an tashi daga kasuwa tsofaffin abokan sana'arsa za su zo, ya aika musu su zo su ga abin da ba su taɓa gani ba. Ya ambaci wani dattijo Babarbare da suka yi shekara da shekaru suna gardamar ƙaro, ya ce shi ya fi so ya zo, yana so ya ji da wane baki zai ce wushe, gaisuwarsu ta Barebari, a ƙarƙashin inabi mai ƙaro.

Na dubi Inna, ta kau da kai. Na hango dattawan nan a tsaye a ƙarƙashin rumfa, sun ɗaga kai, sun ga kiyashi da fumfuna, sun dubi juna. Ba za su yi dariya ba, mutanen kirki ne. Za su ce masha Allah, su sha ruwa, su fita, kafin magariba duk kasuwa ta ji. Wannan masha Allah ɗin ita ce ban iya jurewa ba.

Washegari da hantsi, bayan ya karya kumallo, yana zaune a kan buzu, na zo na durƙusa a gabansa da yarinya a baya.  Na miƙa hannu na karyo reshe daga rumfar, ya ji ƙarar.

“Wa ke taɓa min itace?”

“Ni ce, Baba.”

“Ban hana ba?”

“Ka hana. Ina roƙon arziki ɗaya. Ka ciri guda ɗaya da kanka ka murza. In ƙaro ne, na yi alkawari ba zan ƙara yi maka maganar inabi ba, ba zan ƙara yi maka maganar asibiti ba.”

Fuskarsa ta ɗaure. Ban taɓa yi masa magana haka ba, kuma na ga ya so ya kore ni. Amma ɗan kasuwa ne, ba a taɓa miƙa masa kaya a ce gwada ya ƙi ba. Ya karɓi reshen, ya lalubo ƙurji mafi girma, ya sa farce. Yadda ya fita da sauƙi kaɗai ya sa hannunsa ya tsaya. Ya ɗora shi a kan ɗan yatsa ya danne da babban yatsa. Ya fashe. Ya murza, ya kai hanci ya shinshina. Ya ciri na biyu, shi ma haka.

Ya ajiye reshen a gefen buzu a hankali. Ya goge yatsunsa a ƙasa, ya sake gogewa, ya daɗe yana gogewa.

“Mene ne?”

Na gaya masa duk abin da mai maganin gona ya faɗa, ban rage komai ba, har da cewa danƙon da ya lasa kashinsu ne. Na ce in aka sare aka wanke aka ba shi ruwa, akwai fatan ya farfaɗo. 

Ya juya fuska wajen madafa. “Hajiya, ke ma kin gani?”

Inna ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. “Na gani, Alhaji.”

“Tun yaushe?”

“Tun farko.”

Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi min sauƙi. Ya ce a aika wa mutanen nan a ce kada su wahalar da kansu, ba ya jin daɗi. Ya ce a jawo ruwa a rijiya a zuba wa itacen yanzu-yanzu. Inna ta ɗauki guga da sauri kamar mai jiran a ce. Muna jin ruwan yana shiga rairayi yana ɓacewa, ta ƙara, ta kuma ƙara.

“Na kusa kashe shi da ƙishi,” in ji Baba, ba da ni yake ba. Can ya ce, “Rawayar nan da kuke faɗa, ni ban gan ta ba. A bakinku na ji, na ɗora nawa lissafin a kai. Ko rumfar ma duhu-duhu kawai nake gani, in rana ta yi ƙarfi.”

 Abin da na yi watanni ina so ya faɗa ke nan, da ya faɗa kuma sai na ji kamar ni na ƙwace masa wani abu. Hawaye ya zubo min, na bar shi ya zuba tunda ba gani zai yi ba.

Yarinya ta farka ta fara mutsu-mutsu a bayana. Ya miƙo hannu biyu, na kwance ta na ɗora masa a cinya. Ta kama gemunsa tana ja. Ya bi kanta da tafin hannu, ya shafa goshi, ya shafa kunne, ya tsaya a kumatu.

“Uwata,” ya ce, murya ƙasa-ƙasa yadda Inna ba za ta ji ba, “yarinyar nan, da wa take kama?”

Tun ranar suna yake ɗaukarta, ashe bai taɓa ganin fuskarta ba. Na share fuska da bakin mayafi.

“Ba zan faɗa maka ba, Baba. Ka zo Gashua ka gani da kanka.”

Yarinya tana ta jan gemu. Guga ya sake faɗawa rijiya. Sai da Inna ta jawo shi ta juye, sannan ya ɗaga murya.

“Hajiya, in kin gama, ki wanke min farar rigar nan. Tafiya ta kama ni.”